Buhu Huɗu na Yashi

Wautar tawa ce, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Ni Ilu direba, aji uku na yi a firamare suka ga ba riba suka sallame ni. Shekara goma sha ɗaya ina jan a-kori-kurar wani Alhaji mai sayen hatsi a Batsari, ina kwaso masa masara da gero daga ƙauyukan Safana.

Wata kaka kwaɗayi ya kama ni, na ce me zai sa in yi sawu biyu alhali ɗaya zai iya. Na lallaɓa wurin makanike ba da sanin Alhaji ba, na sa ya ƙara ƙarfe uku-uku a sifirin na baya. Ga wanda bai sani ba, sifirin faifayen ƙarfe ne da aka jera aka ɗaure a kan tayoyin baya, su ke lanƙwasawa su shanye gargada. In ka ƙara su, mota za ta ɗauki kaya ba ta durƙusa ba. Amma ranar da ba kaya, sai bayanta ya sandare, ya riƙa tsalle kamar jaki ya ji ƙudan zuma. Maganin da na samo shi ne buhu huɗu na yashi, daidai kan tayoyin, kullum in zan fita wayam.

Ranar da ba ta fita raina ita ce wata Talata cikin damina, wata biyu bayan Alhaji ya ɗora ɗan ƙanensa Nura a kan harkar. Manaja muke ce masa. Ya yi karatu, ba na musu.

Ya leƙa bayan mota ya ce, "Baba Ilu, yashi muka koma sayarwa?"

Na ce, "A'a Manaja, fasinjojina ne. Ba sa magana, ba sa amai."

Bai yi dariya ba. Ya ce nauyin banza ne mai shan mai, a sauke. Na ce ba zan hau hanyar Babban Duhu ba yashi ba.

"To ba ni makulli."

A gaban 'yan dako ya faɗa. Ina da baki tara a gida da ke ci daga makullin nan, amma na zaro shi na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Ga shi, ɗana. Wuyana dai guda ne, ba a sayar da shi a kasuwa."

Ya sa aka sauke buhunan, ya ce shi zai tuƙa, ni kuwa in zauna gefe in nuna masa gidan manomin da za mu ɗauko hatsi wurinsa, aikina na ƙarshe ke nan. Na shiga, na yi bismilla sau uku.

A bakin gari muka tarar da Goggo Hanne, Bafulatana mai nono da na saba rage wa hanya. Ta leƙa baya, ta ga wayam, ta mai da ƙwaryarta ka.

"Yau ba yashi? Allah ya kiyaye hanya, ni ƙafata lafiya lau."

Da muka bar kwalta, akwai wurin da ruwa ya zana hanya kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Na ce ya sassauta. Ya ce ya taɓa tuƙi har Abuja. Baya ya fara rawa, sitiyari ya ce gabas, gindi ya ce yamma. Sai ya aikata abin da ba a yi, ya danne birki da ƙarfi. Mota ta juya sau ɗaya cak, ta tsaya tana kallon Batsari, tayar baya cikin dawar wani bawan Allah.

Da na tabbata haƙorana sun cika, na ce, "Manaja, ta ce gida take so."

Ba wanda ya ji rauni. Akwai rafi kusa, ga buhunan da muka ɗauko na zuba hatsi. Shi ya riƙe bakin buhu, ni na ɗebi yashi da hannu. Huɗu cif, ban rage masa ko ɗaya ba. Da muka gama ya ajiye makulli a kan kujerata, ya zagaya ɗaya ɓangaren.

Ku yaran yanzu, ku riƙe wannan: mota ba ta san wanda ya yi karatu ba, nauyin da ke bayanta ta sani. In ka san hanya za ta kashe ka, ƙi, ko wa ya aike ka. Makulli ana karɓewa a mayar. Har gobe da yashina nake fita, wanda bai so ba ya bi Goggo Hanne a ƙasa.

A ranar da la'asar Alhaji ya ji labari duka. Ya yi wa Manaja faɗa kaɗan, ya ce yashi ya zauna. Na fara hura hanci ke nan sai na ga ya tattara babbar riga ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashin mota, yana ƙirga wani abu da yatsa. Ya daɗe. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Ilu, yashin na gane. Abin da ban gane ba, yaushe motata ta haifi ƙarfe shida ba a gayyace ni suna ba?"