Masanin Inji Mai Farar Riga

A tashar Wara, wata a-kori-kura ɗauke da kwandunan ɗanyen kifi tana ta tari, tana shaƙewa duk sanda direba ya taka totur. Rana tana dukan kifin, matar da ke da kayan tana korar ƙuda da bakin gyalenta.

Ga wani dattijo tsaye cikin farar riga da ta sha guga, biro uku a aljihu, hannuwa goye a baya kada baƙin mai ya gan su. Ina jin ya taɓa shugabantar direbobi a wani ofis da motocinsa suka shekara bisa duwatsu.

"Injin ga ya gama aiki," yake gaya wa direban. "Sai an sauke shi. Tun daga nesa na jiyo."

Direban ya sauko daga motar. Ya kwance filtar mai, ya busa, laka da ruwa suka tsiyayo. Ya mayar, ya taka totur, motar ta ɗauka sumul.

Dattijon yana gyaɗa kai. "Abin da nac ce ke nan, datti ne." Ya buɗe ƙofar gaba ya zauna. "Mu tafi Yelwa. In ta sake, ina nan."