Amsar da na hana likita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran aminina Mai Agogo a asibiti, bayan jinyar kwana ashirin da uku. Tun ranar nake zaune a wurin makoki ina amsa gaisuwa kamar wanda bai san komai ba. Jiya na ji babbar 'yarsa, malamar makaranta, wadda ta ba shi ƙodarta bara, tana ce wa mahaifiyarta, "Inna, ƙodata ce ba ta karɓe shi ba." Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Mai Agogo, shekara arba'in da 'yan kai muna tare. Ka ƙare rayuwarka kana gyara wa jama'a lokaci, amma ban san ranar da ka taɓa isa wuri a kan kari ba. In na yi ƙorafi sai ka ce agogona ne ke gudu, in kawo ka duba. Har yanzu ina ganin teburinka a gefen kantin magani, gilashi maƙale a ido ɗaya, ga farantin 'yan mitsi-mitsin kusoshi da ba ka yarda a yi atishawa kusa da shi. Wata tsohuwa ta taɓa kawo maka agogon mijinta marigayi, tsatsa ta gama da shi. Sati uku ka yi kana bin masu tsofaffin kaya har ka tada shi. Da ta kara a kunne ta ji yana bugawa, sai ka sunkuya kana lalube a aljihun tebur, alhali ba abin da ka ɓatar. Da matata ta kwanta ciwon ajali, kai ne kake rufe tebur ka zo ka karɓe ni a bakin gado. "Dogo, tashi ka je ka yi wanka, ka fara ƙara wa marasa lafiya ciwo."

Tantabara ce ta haɗa mu tun muna samari. Da za a yi maka dashen ƙoda, likitoci suka ce maganin da za ka riƙa sha don kada jiki ya ƙi ƙodar yana rage garkuwar jiki, saboda haka kai da tsuntsaye har abada. 'Yarka da kanta ta kwaso su a kwando ta kawo gidana. To, duk mai kiwo ya san tantabara ba ta manta gida. Kullum da safe sai a gan su jere a kan katangarka. Abin da ake yi shi ne a fige musu gashin fiffike har su saba. Ni kuwa na ji tausayin tsuntsu. Na ce ka riƙa leƙowa kana ba su hatsi da hannunka a ɗakin tantabaruna, in sun gan ka a nan za su zauna.

Ka zo da takunkumi a fuska, ka tsaya a bakin ƙofa. Ni ina ciki da tsintsiya ina kankare busasshen kashinsu, ƙura ta turnuƙe ɗakin. Na dube ka na yi dariya. "Da wannan ƙyallen wa zai gane ka? Ko ni na zaci ɗan fashi ne." Ka ce, "Dogo, in Malama ta ji, ni da kai mun shiga uku." Na ce wa zai gaya mata? Ka cire, ka cusa a aljihu, ka shigo. Duk Asabar haka muke yi, wata huɗu. A gida ka ce kana zuwa hira ne.

Ciwon kai ya fara a hankali. Aka sha maganin zazzaɓin sauro, aka sake sha. Sai haske ya fara damunka, sannan ka fara kiran jikarka da sunan uwarta. A rana ta biyu a asibiti, wata likita ta tare mu a baranda ta tambaya ko kana hulɗa da tsuntsaye ko dabbobi. 'Yarka ta ce, "A'a, tun kafin aiki muka raba shi da su, suna wurin Baffa." Ta waiwayo ta dube ni. Ni, da furfurata, na gyaɗa kai.

Sai da aka yi kwana tara ana nema ta wasu wurare kafin a ɗebi ruwa a gadon bayanka a gano cutar. Wata irin fumfuna ce da ke zama a busasshen kashin tantabara. Mai lafiya zai shaƙa ya wuce abinsa, shi ya sa ni nake nan garau. Wanda garkuwarsa ta yi rauni kuwa, takan bi ta huhu ta haura kai. Likitar ta ce ba wanda zai iya rantsewa a ina ka shaƙe ta, ko a kan titi ana iya gamuwa da ita. Na riƙe wannan maganar na kwana biyu kamar ta wanke ni. Ba ta wanke ni ba. Kwana ba ya wuce ranarsa, na sani, amma an tambaye ni na yi shiru saboda ina tsoron idon yarinyar da na goya a kafaɗa. Kai ma da hankalinka ya ɗan dawo ba ka tona ni ba. Abin da ka tambaye ni kawai, ko farar tantabarar nan ta ƙyanƙyashe.

Allah Ya jiƙan ka, aminina, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'ya da jikoki, da abokan zamanka na bakin titi. Allah Ya ba kowa haƙurin rashi.

Ke kuma, 'yata, saurara da kyau. Na koma na tambayi likitar, ta ce har ranar ƙarshe ƙodarki tana aiki lafiya lau. Ba ta gaza ba. Ni na kira shi, ni na sa ya cire takunkumi, ni na gyaɗa kai. Kafin kowa ya karanta wannan takarda zan kawo miki ita da hannuna, in tsaya a tsakar gida har ki gama. Abin da kika ga dama ki faɗa min, zan ji shi a tsaye. Allah Ya saka miki da Aljanna a kan abin da kika yi wa mahaifinki, Ya sauke miki wannan nauyi, don ba naki ba ne.