Gawon da Aka Zana a Bangon Mai Shayi

A shekarar da mai shayin bakin tasha ya sake ginin rumfarsa da siminti, ya sa wani mai fenti ya ƙawata masa bango. Mai fentin ya daɗe yana cin rani a Kano, can ya koyi sana'ar. Ya zana gona da gero tsaye, da tabki, da dila a kan reshen bishiya yana yi wa kura gwalo, kamar yadda kakanninmu ke faɗa a tatsuniya. Kowa ya zo shan shayi sai ya yi dariya. Ni ma na yi, har idona ya tsaya a kan bishiyar.

Gawona ne. Wanda ke bakin gonata a hanyar Tsauni, mai karyayyen reshe ta gabas, wanda 'ya'yansa ke riƙe mini awaki duk rani. Iyakar gonata da ta maƙwabcina Alhaji layin ciyawar gamba ne, kuma tun zamanin mahaifina gawon yana ɓangarenmu. A bangon kuwa an bi da gambar ta ɗaya gefen, bishiyar ta koma cikin gonar Alhaji. Mai fentin ɗan ƙanwar Alhaji ne.

Shayin ya huce a hannuna. Na tuna duk ranar kasuwa mutanen ƙauyuka nan suke zama su jira mota. Idan suka shekara suna kallon gawon a gonar Alhaji, ranar da magana ta kai gaban mai gari me za su ce sun sani?

Matata ta ce in bar zancen, bango ne kawai. Na yi ƙoƙari. Na ji tsoron zargin Musulmi ba hujja, na yi ta istigfari, amma kullum ƙafata sai ta kai ni tasha. Har gona na je na tsaya ta kowace kusurwa, ko akwai inda mutum zai tsaya ya ga gambar yadda aka zana ta. Ban samu ba.

Daga ƙarshe na tarar da mai fentin yana gyara wutsiyar kura, na tambaye shi a hankali.

"Baba, ai wannan ba gonar kowa ba ce," in ji shi. "Dubi gawon da ganye shar, ga gero tsaye. Ka taɓa ganin gawo da ganye da damina?"

"To karyayyen reshen fa?"

"Dila na nema wa wurin zama."

Mai shayi ya ce, "Malam, in gonarka ce, kurar ma taka ce. Ka zo ka ɗaure ta, tana korar mini masu shayi."

Aka yi dariya. Mai fentin ya tsoma burushinsa ya ƙara wa tabkin faɗi har ya cinye gambar gaba ɗaya. Ya ce yanzu ba iyaka, hankalina ya kwanta. Ni kuwa na ga a da iyakar tana wurin da ba nata ba, yanzu an shafe ta ke nan.

Labari bai kwana ba ya kai ga Alhaji. Ranar Juma'a bayan an sallame ya riƙe hannuna, ya tambayi iyali, ya tambayi awaki, sannan ya ce, "Malam, na ji an ce kana da shakka a kan gawon nan. Ni da ban san akwai abin shakka ba."

Na ce ba ni da wata shakka. Ya ce madalla, ya yi murmushi.

Da 'ya'yan gawon suka fara zuba a ranin nan, na je da buhuna da safe na tarar da sawun awaki a gindinsa. Sawun ya tsallako gambar daga gonar Alhaji, kuma an tattake ta daidai wurin da mai fentin ya zuba tabki.