Dutsen Murhu da Ruwan Ƙwarya

Ƙanena Isuhu ya hana ni shiga zaurensa a gaban baƙi. Wai ina warin hayaƙi, in zagaya ta baya. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina zuba wa jirgin ƙasa kwal don ya zauna a makarantar boko har ya zama akawu.

Ina tsaye a bakin ƙofar, kakarmu Inna ta faɗo mini a rai. Lokacin unguwarmu Tudun Wada bukkoki ne kawai, Nasara bai daɗe da zuwa ba. Marayu ne mu, ita ta riƙe mu. In an yi isha'i lokacin ɗari sai ta tara mu a gindin murhu, Isuhu na kyarma, ni ina manna masa bayana har ya daina.

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. Wai ruwa ne a ƙwarya sanyi ya ishe shi, ya roƙi dutsen murhu ya shigo ya ɗumama shi. Dutse ya ji tausayi, ya faɗa ciki. Inna ba ta barinmu da ji kawai. Sai ta sa itace biyu ta zaro ƙaramin dutse daga wuta, ta jefa a ƙwarya, tururi ya tashi, ta ce mu tsoma yatsa.

"To, ɗumin nan na wane ne?"

Isuhu ya ce na ruwa ne. Ta ja kunnensa tana dariya.

"Ja'iri. Zafi daga mai shi yake fita, ya shiga marar shi. Dutse na hucewa, ruwa na ɗumi, abin ba ya tsayawa sai sun zama daidai."

A ƙarshen tatsuniyar ruwa ya ɗau girman kai, ya ce dutse ya ɓata shi da toka, a fitar masa da shi. Aka fitar. Kafin gari ya waye ya koma sanyinsa.

Ina yaro ruwan nake yi wa dariya. Ashe dutsen ya kamata in duba.

Ban zagaya ta baya ba. Na yi wa baƙin sallama, na shiga na tsaya a gabansa.

"Isuhu, ka tuna ƙwaryar Inna? Ɗumin da kake taƙama da shi nawa ne, tare da tokar ya zo maka. Na huce, babu sauran da zan ba ka. Ni in na koma wuta zan sake yin zafi. Kai kuwa jira gari ya waye."