Mutumin da Ya Ji Ruwa a Cikin Waya

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, Injiniya Nasiru, amma har yau idan na wuce ƙarfen sabis na bakin Wurno sai na ɗaga kai. A can na fara ganinsa, wata yamma muna dawowa daga makaranta: mutum cikin jar riga a ƙololuwar ƙarfe, gajimare na wucewa ta bayansa. Na tsaya kallo har ƙawayena suka bar ni.

Mahaifina manomin albasa ne, kuma abin da ya fi tsoro shi ne ruwan bazata a kan albasar da aka shanya. Lokacin da Nasiru ke neman aurena, wata rana sama tas, ya buga masa waya: "Baba, a ruhe albasa, ruwa na tahe."

"Mi kac ce? Wanga yaro boka na?" in ji Baba. Amma ya rufe. Kafin la'asar aka kece da ruwa. Tamu kaɗai ta tsira a layin.

Ba duba ba ne. Nasiru ya lura cewa duk lokacin da ruwa ke sauka wajen Goronyo, saƙon da ke tafiya tsakanin ƙarfen can da namu yakan raunana. Ashe igiyar nan da ba a gani, wadda ke ɗauko muryoyinmu, tana taɓa abin da ta ratsa, ta zo da labarinsa. Har yau abin nan yana sa tsigar jikina tashi.

Burinsa ƙarfe ɗaya ya zama baki da ido: ya kai magana, ya kuma gano hadari da abin da ke motsi, kamar na'urar rada. Matsalar, in ji shi, rabo ce, irin rabon ruwa a fadama. Kowa da lokacinsa ne, ko kowa da lambatunsa? Masu waya dubbai ne, ga idon ma yana son kasonsa, kuma ba a so a zalunci kowa.

Bayan zazzaɓi ya ɗauke Nasiru, damina biyu Baba ya yi asara. Yakan zauna da waya a cinya, sama na haɗuwa, ba ta yin ƙara.

Yau na ji masana a duniya suna kokawa da wannan rabon don sadarwar gobe. Da Nasiru yana nan, ban san ko murna zai yi ba ko kishi. Ina jin dariya zai yi, ya ce su zo fadama su koya.

'Yarmu Asma'u tana jami'a, wannan fannin take karanta. Baba kuwa ya tsufa, ido ya tafi. Bana ta kira shi daga Sakkwato, bayan ta duba hasashen yanayi: "Tsoho, a ruhe albasa."

Ya share fuska da hannun riga. "To, amarya," ya ce. "Ubanki dai bai taɓa kuskure ba. Mu ga naki."

Ya sa aka rufe.