Ɗauko Gwaggo Daga Bakin Tafkin Marke

Shekara ta kusa zagayowa tun da na yi wannan tafiya, kuma a lokacin hankalina ba a kwance yake ba, saboda haka ba zan rantse cewa kowace magana haka aka faɗe ta ba. Mai yiwuwa na ɗora zancen wani a bakin wani. Dalilin tafiyar dai ban manta shi ba. A tsakiyar damina, bayan an jera kwanaki ana ruwa, Baba ya kira ni zaure ya ce in je ƙauyen Bakin Marke in ɗauko ƙanwarsa, Gwaggo Hajara, da ita da hatsin da ke rumbunta, kafin tafki ya shigo gari. Gidanta ne na ƙarshe ta gangare, mijinta ya rasu, kuma abin da ke cikin rumbun nan shi ne abincinta har kaka.

Baba ya ce, "Kai da ka karanta labarin ƙasa a jami'a, ka san yadda za ka yi mata bayani."

Na ce to. Amma na san Gwaggo.

Daga Gaya zuwa Ajingi

Na fita bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. A tasha na tarar da ƙaramar bas, direba yana cewa saura mutum ɗaya. Na shiga, ya ci gaba da cewa saura mutum ɗaya har rana ta fito. Kusa da ni wani dattijo ne mutumin Kademi, da buhun taki a kan cinyarsa, rabinsa kuma a kan tawa.

Hanya ba ta da nisa sosai, in ban yi kuskure ba, amma ruwa ya ci gefenta a wurare da dama. A shingen jami'an tsaro aka leƙa mu aka ce Allah ya kiyaye. Da muka wuce direba ya tambayi inda na nufa, na gaya masa.

"Bakin Marke? Kai ma hoto za ka je ɗauka a jirgin ruwa?"

Na ce a'a, ambaliya nake gudu.

"Haba malam, ai yanzu ne tafkin ya yi kyau. Ran Juma'a 'yan Kano na kai musu, mota cike."

Na fara yi masa bayani, ya ƙara muryar rediyo.

Daga Ajingi zuwa Bakin Marke

A Ajingi na sha koko da ƙosai a bakin kasuwa, sannan na hau acaɓa. Mun yi ta ratsa gonakin gyaɗa da dawa, wani wuri mu sauka mu tura babur. Ga wanda bai san yankin ba, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, ba dutse ba tudun kirki. Tafkin Marke yana kwance a tsakiyarta. Ba shi da zurfi, da rani mutum kan yi tafiya mai nisa a ciki ruwa bai wuce ƙugunsa ba, amma yana da faɗi har ba a gane mutum a ɗaya gaɓar. Ruwan gonaki duk nan yake gangarowa, in kogi ya cika shi ma ya turo nasa. Mafitarsa guda ce ta gabas, ita ma ciyawar kacalla ta kusa toshe ta. A fahimtata, kuma ina iya yin kuskure, wannan ne ya sa in ruwan ya ƙaru da taƙi ɗaya sai ya mamaye fili mai yawa. Ba ya zuwa da ƙarfi. Rarrafowa yake yi.

Da muka iso wajen hantsi, na ga abin da direba yake faɗa. Rumfuna a jere a bakin ruwa, mata na soya kifi, samari na wanka, wasu baƙi sun shiga kwalekwale da tabarau suna ɗaga waya sama. Balbelu sun yi fari fat a kan bishiyoyin da ruwa ya kewaye. Gaskiya wurin yana da kyau. Abin da ya dame ni shi ne bishiyoyin nan, a iya sanina, a tsakiyar gonar gero suke da.

Gidan Gwaggo

Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Gaya ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar da ta ba Umma. Sannan na isar da saƙon Baba. Na yi mata bayanin gangaren ƙasa da toshewar mafita, na ce mai yiwuwa, ba lalle ba ne, amma akwai alamar cewa ruwan zai iya isowa.

Ta ce, "Auwalu, zai zo ko ba zai zo ba?"

Na ce ba wanda zai iya cewa tabbas.

"To ka sha fura."

Ta ƙara da cewa ita ba za ta zama ta farkon kwashe kaya a garin nan ba, a yi ta yi da ita a gidan suna. In ruwa ya taɓa turke, Mai Unguwa zai sa a yi shela, kowa ya tashi tare. Haka aka saba tun tana amarya.

Turken nan, kamar yadda aka gaya mini, icen ƙirya ne da magabata suka kafa tsakanin tafki da gari, aka sare shi da gatari a wuri guda. In ruwa ya kai sarar, saura kaɗan ya shiga gidajen gangare. Na ga dabarar ta yi ma'ana, na ce bari in je in duba.

Bakin ruwa

Na tarar da turken a bushe, ruwa bai ko kusa da gindinsa ba, kwalekwale biyu a ɗaure da shi da doguwar igiya. Mai jiragen kuwa Hamisu ne, ɗan farin Gwaggo, taubashina, magidanci mai 'ya'ya uku da ke zaune a unguwar sama. Da ya gan ni ya daka ihu.

"Jama'a ga bawana ya zo! Farfesan ruwa! Shigo in zagaya da kai, kyauta, tunda ba ka da aiki."

Na ce, "Hamisu, da can turken nan ba kusa da kukar can yake ba?" Kukar kuwa tana tsaye cikin ruwa.

"Can yake. Da bazara muka dawo da shi nan. Wurin ya yi wa baƙi nisa, ga laka, mata na ɓata takalma. Kuma duk bakin nan ba icen da ke riƙe jirgi kamarsa."

"Kun matsar da ma'aunin ruwan gari don ku ɗaure jirgi?"

"Turken ne dai, ba mu canja shi ba. Ga sarar nan, duba."

Na duba. Sarar tana nan.

Daga nan na wuce wurin Mai Unguwa, na same shi a dakali ana yi masa aski. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin kamar an matsar da turke."

"An matsar. Ai ina nan aka yi."

"To ranka ya daɗe, ko za a yi shela haka nan?"

Ya ɗaga wa wanzami hannu ya dakata. Ya ce a zamanin mahaifinsa an taɓa yin shela ba a duba turke ba, mutane suka kwashe kaya suka kwana a tudu, ruwa bai zo ba, aka dawo aka tarar awaki sun ɓata. Tun daga nan, in aka yi shela kowa sai ya je ya ga turke da idonsa. "In na yi yanzu, za su je su gan shi a bushe, su koma gida. Gobe in na sake yi, ba mai fitowa."

"To a mayar da shi inda yake mana."

"Wanda ya cire shi ya mayar."

Na koma wurin Hamisu. Ya ce sai bayan Juma'a, don in aka yi shela baƙi ba za su zo ba. Na koma wurin Mai Unguwa, ya tafi ta'aziyya. Haka na wuni ina safa da marwa tsakanin mutum biyu da suka yarda da duk abin da na faɗa. Na kwana a zauren Hamisu. Matarsa ta yi tuwon dawa da miyar kuka da kifi, kuma dole in faɗi gaskiya, tuwon ya yi daɗi.

Kashegari

Da safe aka tashi da yayyafi. Na je gaida Gwaggo, na ga bayan katangarta ya yi duhu da danshi, tururuwa na hawa jikin rumbu a jere. Na nuna mata. Ta ce ta gani, amma ta aika an duba, turke a bushe yake.

Na ce, "Ai Gwaggo, tunda an matsar da shi sama..."

Ta ajiye ludayi. "An me?"

A nan na gane cewa duk mazan garin sun sani, ita da ruwan zai fara ci ba wanda ya gaya mata. Ba ta zuwa bakin tafki tun da aka fara tara baƙi. Ta tambayi wanda ya yi, na fara cewa ba ni da cikakken tabbaci, ta kalle ni, na faɗa.

Gwaggo ba ta kiran sunan ɗan fari, ko da fushi. Ta yafa mayafi ta fita ba takalmi, na bi ta a baya. A gaban masu soya kifi da baƙi ta tsaya.

"Kai wannan! Zo nan. Turken da kakanka ya kafa ka mayar da shi na ɗaure jaki?"

"Inna, jirgi ne..."

"Cire shi."

"Inna, bayan Juma'a..."

"In rumbuna ya faɗi, baƙin naka za su ba ni tuwo? Cire shi ina tsaye."

Ya cire. Da yake wucewa da shi a kafaɗa ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Munafukin Gaya."

Na ɗauka an gama. Ashe tsohon ramin yana ƙarƙashin ruwa, sai an nemo shi. Muka shiga kwalekwale da Mai Unguwa da dattawa biyu. Ɗaya ya ce gabas da kuka yake, inda ake shanya taru. Ɗayan ya ce yamma, don a nan ya taɓa ɗaure saniyarsa. Mai Unguwa ya ce duk ba haka ba ne, ya nuna wani wurin daban. Hadari na haɗuwa a gabas, su kuwa sun koma gardamar shekarar da saniyar ta mutu. Na ce, cikin ladabi, a ganina duk inda aka kafa shi cikin wuraren nan uku ruwa zai shanye sarar. Suka ce ba a yin abu da ka.

Daga ƙarshe wanda ya fi ɗaga murya ya yi nasara. Hamisu ya sauka, ruwa iya ƙirjinsa, ya danna turken cikin laka. Kansa kaɗai ya rage a waje. Mai Unguwa ya naɗe hannun riga ya zura hannu yana lalube, har ruwa ya wuce gwiwar hannunsa kafin ya taɓa sarar. Ya yi salati. Ya ce a juya jirgi.

Kafin azahar aka yi shela a lasifikar masallaci. Kuma kamar yadda Mai Unguwa ya faɗa, mutane sai da suka fara zuwa bakin ruwa suka hango kan turken, sannan suka ruga gida.

Komawa

Muka buɗe rumbu. Dammunan sama lafiya lau. Na ƙasa sun jiƙe, wasu gero har ya fara tsiro, wasu sun yi baƙi suna wari. Ba zan iya cewa nawa aka rasa ba, amma ba kaɗan ba ne. Gwaggo ta ɗauki zangarniya ɗaya ta murza, ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta ce da ni, "Kai ma da ka zo da wuri."

Hamisu ne ya nemo amalanken shanu, shi ya yi yawancin dakon, bai sake tsokanata ba. Muka kai kaya bakin hanya cikin ruwan sama, daga nan kurkura, 'yar motar ɗaukar kaya, ta ɗauke mu zuwa Ajingi, ni a baya da hatsi da awaki biyu, Gwaggo a gaba. A Ajingi muka samu mota, direban ya ce saura mutum ɗaya, Gwaggo ta ce masa awakin nan su ne mutum ɗayan, ya tayar. Mun shiga Gaya ana kiran magariba. Baba na tsaye a ƙofar gida, ya ce alhamdulillahi.

Bayan kwana biyu Hamisu ya bugo waya. Ruwa ya shiga unguwar gangare, ba a rasa rai ba, amma rumbun Gwaggo ya zauna, ɗakin girkinta ma haka. Da aka gaya mata ta ce a tambaye shi ko an rufe mata ƙofar ɗaki. Geron da muka tsira da shi ya kai ta kaka, da ɗan taimakon Baba.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da matar Hamisu, da mai amalanken da ban riƙe sunansa ba. Duk wanda yake wurin ya ga na yi kuskure, don Allah ya gyara mini. Musamman ina roƙon dattawan da suka san ainihin inda turken yake tun asali su yi magana. Da ruwa ya janye an same shi a karkace, a wurin da mutum ɗaya kaɗai ya yarda da shi. Gwaggo ta koma gidanta, ta sa an gina sabon rumbu a gurbin tsohon, ga shi kuma hadari ya fara haɗuwa.