Waken Iri a Cikin Burodi

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori ina koyarwa a wata makarantar firamare a Bakura, iyayena kuma suna ƙauyenmu ta wajen Maradun. Gonar mahaifina na cikin waɗanda katafila ta baje domin a haƙa magudanan ruwa. An ce masa ya dakata, za a mayar masa da ita idan an gama. Damina biyu ta wuce bai sa fartanya a ƙasa ba. Ni nake rubuta masa takardun koke zuwa ofis a Talata Mafara, kuma babu wadda ban ajiye kwafinta ba.

Da rumbu ya yi ƙasa, Inna ta kama sana'ar da ta riƙe gidan. Wani kuku da ke dafa wa Turawan aikin abinci ya ba ta labarin na'urar lantarki mai gasa burodi tare da abin da aka cusa a cikinsa. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ba ta ji abin da ya fi ƙarfin dutsen guga ba. Ta ɗauke nawa, wanda nake goge kayan makaranta da shi, ko tambaya babu.

Takan dafa wake har ya yi laushi, ta tsane ruwan sarai, domin jiƙaƙƙen wake yana ɓata burodi. Ta murƙushe shi da bayan ludayi, ta sa man gyaɗa da albasa da gishiri da yaji. Sai ta tsaga burodi, ta cusa, ta ɗora a kan kasko mai zafi, ta rufa masa takardar buhun siminti da ta kakkaɓe, ta danna da dutsen guga cike da garwashi har bakin burodin ya manne. Leburori sun so shi ne saboda yana shiga aljihu, kuma ana iya cinsa da hannun da ya yi siminti.

"Inna, goge min biyu, a sa musu kari irin na wandon ɗan sanda!" in ji wani direban katafila.

"Kai da ka baje gonar mutane, har kari kaka nema? Miƙo hannu, ja'iri."

Wakenmu na ci ya ƙare, na kasuwa kuma ya yi wuya, tunda duk yankin babu wanda ya shuka. Saura tukunya guda a ƙuryar ɗakin Baba, an cakuɗa waken cikinta da toka, an liƙe bakinta da laka. Iri ne da ya gada daga kakana, fari ƙal, mai manyan ƙwayoyi, ba ya jiran ruwan ƙarshen damina kafin ya nuna. A gidanmu ba a cin iri, kuma ba mai buɗe tukunyarsa sai maigida, ranar shuka.

Da damina ta uku ta gabato, Inna ta ba da shawarar a kai wa yayanta ƙwarya guda a Damri, inda aikin bai taɓa gonarsa ba, ya shuka, da kaka ya mayar da sabo, kamar yadda aka saba tsakanin dangi. Baba ya amince. Ni na hana. A lokacin ina riƙe da amsa daga ofis, da hatimi da sa hannu, cewa ana duba maganarmu. Na ce abin kunya ne mu kai irinmu gonar wani alhali tamu na dab da dawowa. Baba ba ya karatun boko. Ya dubi hatimin, ya dube ni, ya ce to.

Muka jira har lokacin shukar wake ya wuce. Sannan amsa ta biyu ta zo, cewa ba bana ba, kuma idan an mayar da gonaki alkama da tumatir za a noma da ban ruwa. Ni na karanta masa ita a zaure. Wanda ya rubuta ta bai ga dacewar ya sa kalmar haƙuri ko guda ɗaya ba.

Kwana uku ke nan Inna ba ta fita da kasko ba, sai koko ake sha a gidan. Washegari da hantsi Baba ya fito da tukunyar tsakar gida, ya fasa lakar da ƙotar fartanya.

"Malam, iri ne fa," in ji Inna. "Ko shekarar yunwa, ganye munka ci, ba mu taɓa shi ba."

"In shuka shi ina? Bisa takardar ɗanki?"

Na ce a bar ko da tafi guda. Ya ɗebo, ya murza a hannunsa, ya nuna mini waɗanda suka fara yanƙwanewa.

"Malamin makaranta, iri ba ya kwana damina huɗu a tukunya ya tashi. Wanga ma ba a koya muku ba?"

Inna ta rairaye tokar, ta wanke waken sau uku, ta ɗora. Da ya dahu, ta tsane ruwan, ta murƙushe shi. Ni na ɗaukar mata kaskon zuwa bakin hanya. Direban nan ya ci, ya dawo ya ƙara, yana cewa bai taɓa cin wake mai garɗi irin wannan ba, a wace kasuwa ta samo shi? Ta miƙa masa nasa, ta juya wajen na bayansa.

Tukunyar ta ciyar da gidan har gero ya fara shigowa kasuwa daga ƙauyukan nesa. Bayan an mayar da gonar na bi kasuwanni, daga Damri zuwa Janbako har Gidan Goga, ina kwatanta wa masu awo irin ƙwayarsa. Tsofaffi biyu suka ce sun san shi, suka ambaci gidajen da ake samunsa. Duk gidajen ƙauyenmu ne, inda babu wanda ya rage da ko ƙwaya.